Ɗaukar hoton ƙananan halittu da dogon gilashin kyamara

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a bakin kududdufi a ƙarshen damina yana neman hoton mazari ya san yadda abin yake ƙarewa. Mazarin zai sauka a kan tsinken ciyawa ya yi shiru kamar an dasa shi, fukafukansa huɗu a shimfiɗe hasken rana yana ratsa su, ya bar mutum ya yi ta rarrafe har ya rage saura taku ɗaya, sannan ya tashi. Gilashin da aka ƙera musamman domin ɗaukar ƙananan abubuwa, wanda masu sana'ar hoto ke kira makro, yana buƙatar a kai bakinsa tazarar da ba ta wuce santimita 15 ba kafin ya ba da cikakken girmansa, kuma ƙwaron da ke da lafiyar fiffike ba kasafai yake yarda da irin wannan kusanci da rana tsaka ba. Daga nan ne masu ɗaukar hoton halittu suka fara juya dogon gilashinsu, wato talifoto mai milimita 300 ko 400 ko 500 da aka yi domin tsuntsaye da namun daji, zuwa ga abin da ke gaban ƙafarsu. Dabarar tana aiki, ni ma da ita nake ɗaukar yawancin hotunan mazari da malam-buɗe-littafi, amma ana yawan yi mata gurguwar fahimta, har mutum ya zuba kuɗi mai yawa a kan gilashin da ba zai yi masa wannan aiki ba.

Zaton da ya kamata a fara rabuwa da shi shi ne cewa yawan milimita shi ne yawan girma. Milimitar da aka rubuta a jikin gilashi tana faɗin yadda zai jawo abin da ke nesa, amma ba ta cewa komai game da iyakar kusancin da zai iya yi ya kuma saita hoto ya fita tas. Lambar da ke da amfani a nan wata ce daban, ana samun ta can ƙasa a takardar bayanin gilashi, ita ce ma'aunin girma. Ma'anarta mai sauƙi ce: idan an ce gilashi yana da ma'aunin 1, to ƙwaro mai tsawon santimita ɗaya zai faɗa a kan sensa, wato faifan da ke karɓar hasken hoto a cikin kyamara, da tsawon santimita ɗaya daidai. Wannan shi ne aikin makro na gaskiya. Tun da cikakkiyar sensa, wato ta manyan kyamarori, tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, abin da zai cika hoton shi ne abu mai faɗin santimita uku da rabi. Dogon gilashi ba ya zuwa kusa da nan. Canon EF 100-400mm na biyu, wanda ya fito a 2014, yana saitawa har mita 0.98 kuma ma'auninsa 0.31 ne, abin da ke nufin hoton zai ɗauki fili mai faɗin kusan santimita 12. Nikon 300mm f/4 PF na 2015 yana tsayawa a mita 1.4 da ma'aunin 0.24, wato santimita 15. Nikon 200-500mm f/5.6 ba ya saita abin da ya fi mita 2.2 kusa, ma'auninsa kuwa 0.22. Shi kuma babban Canon 600mm f/4 na biyu, wanda ya fi su duka tsada da nauyi, sai an ja da baya mita 4.5, kuma abin da yake bayarwa 0.15 ne kacal, fili mai faɗin santimita 24. Wato a wannan fage mafi tsawo da tsada shi ne ya zo ƙarshe.

Waɗannan lambobi su ne ke yanke hukuncin irin halittar da za a iya nema. Malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin gefe mai ɗige-ɗigen fari, wanda ke ajiye ƙwansa a ganyen tumfafiya, faɗin fukafukansa yana kai santimita 7 zuwa 8, saboda haka zai cika kashi biyu cikin uku na hoton da ke ɗaukar santimita 12, kuma wannan tsari ne mai kyau domin ya bar wa fure da ganye wuri. Babban mazari ma haka yake. Jan gwada, da hawainiya, da kwaɗo, da ƙoƙi-ƙoƙi, da babbar fara, da furen bado, duk suna cikin wannan aji. Tururuwa da ƙuda da ƙaramin gizo-gizo kuwa sun fita daga lissafi, domin ɗigo za su zama a tsakiyar hoto, kuma duk yadda aka yanke gefe aka faɗaɗa a kwamfuta ba za a samo abin da sensa ba ta ɗauka ba.

To idan girman bai kai na makro ba, me ake samu? Tazara ake samu, kuma a ganina ita ce kaɗai hujjar ɗaukar wannan nauyi. Heini Hediger, masanin dabbobi ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya daɗe yana shugabantar gidan zoo na Zurich, ya yi bayanin abin da kowane maharbi ya sani a aikace, cewa kowace dabba tana da wani zagaye a kewayenta wanda idan abin tsoro ya tsallaka shi za ta gudu. Faɗin zagayen yana sauyawa da jinsin halittar, da zafin jikinta, da kuma yadda ta saba da mutane, shi ya sa ƙadangaren katangar gida yake barin a matso fiye da ɗan'uwansa na kan dutse a daji. Dogon gilashi yana ba mutum damar tsayawa a wajen wannan zagaye. Amfanin haka ya wuce hana gudu, domin halittar da ba ta ji tsoro ba tana ci gaba da harkarta: jan gwada zai ci gaba da gyaɗa kai yana kare yankinsa, mazari mace za ta ci gaba da tsoma jelarta a ruwa tana zuba ƙwai, malam-buɗe-littafi zai warware dogon bakinsa ya zura a fure. Hoton da aka ɗauka a santimita 15 sau da yawa hoton halitta ne da ta daskare tana shirin tashi, kuma mai ido yana gane haka. Akwai kuma wuraren da ƙafa ba ta kaiwa, kamar bado a tsakiyar ruwa a dausayin Hadeja da Nguru, ko fure a reshen ƙaya sama da kai, da wuraren da bai kamata ƙafa ta kai ba, kamar ciyawar da ake tattakewa a hanyar zuwa wurin ƙwaro ɗaya alhali gidan wasu goma ne. Batun maciji kuwa na dabam ne, kuma ina so in faɗe shi da babbar murya. Kumurci yana iya tofa dafi zuwa ido daga kimanin mita biyu, kububuwa kuma, wadda ta fi kai mutane asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, ƙarama ce mai kalar ƙasa da ake iya takawa yayin da ido ke cikin kyamara. Gilashi mai tsayawa a mita ɗaya ba kariya ba ne.

A nan akwai ƙananan abubuwa biyu da takardar bayani ba ta fitarwa fili. Na farko, tazarar da aka rubuta ana auna ta ne daga sensa, inda aka yi wata 'yar alama mai da'ira da layi a saman kyamara, ba daga bakin gilashi ba. Idan aka cire tsawon gilashin kansa bayan an zuƙo shi, mita 0.98 ɗin nan za ta dawo abin da ya ɗan haura rabin mita tsakanin bakin gilashi da ƙwaro. Na biyu, yawancin gilasan zamani suna saiti ne ta hanyar motsa wasu gilasai na ciki, kuma wannan yana rage musu tsawo yayin da aka matso. Gilashin da aka rubuta masa 400 yana 400 ne idan ana kallon abin da ke can nesa, amma a iyakar kusancinsa lissafi na kusa-kusa yana nuna ya koma wajen rabin haka. Wannan ba ha'inci ba ne, hanyar da injiniyoyi suka bi ce domin gilashin ya iya matsowa ba tare da ya yi tsawon tabarya ba, sai dai yana nufin wanda ke neman tazara sosai zai fi samun ta a gilashin 300 mai tsayawa a mita 1.4, ko na 500 mai tsayawa a mita 2.2, ko da girman ya ɗan ragu.

Riba ta biyu tana bayan ƙwaron. Gilashin milimita 100 yana kallon duniya ta kusurwa mai kimanin digiri 24 daga lungu zuwa lungu, na 400 kuwa kimanin digiri 6. Idan aka ɗauki mazari ɗaya da girma ɗaya da gilasan biyu, na 100 zai kwaso wani yanki mai faɗi na abin da ke baya, da kara da leda da bangon gida, shi kuwa na 400 ɗan tsagi kawai zai gani, ya kuma shimfiɗa shi ya cika hoton. Ƙari a kan haka, ramin da haske ke shiga ta cikinsa ya fi faɗi: a f/8, wato lambar ƙofar haske, wadda ke ƙaruwa idan an tsuke ƙofar, na gilashin 100 milimita 12 da rabi ne, na 400 kuwa milimita 50, saboda haka abin da ke can baya yana narkewa kusan ninki huɗu. Amfanin wannan a fili yake ga duk wanda ya gwada. Taku guda zuwa hagu zai sa bayan hoton ya zama koren gonar gero, taku guda zuwa dama ya zama ruwan toka na kududdufi, sunkuyawa kaɗan kuma ta mayar da shi shuɗin sama. Na fi ɓata lokaci a kan wannan zaɓi fiye da kan ƙwaron kansa, musamman da mazari, wanda yawancin jinsinsa ke da tsinke ɗaya da suke komawa kai bayan kowace farauta, ta yadda mutum zai iya gyara tsayuwarsa ya jira ya dawo.

Wannan narkewar baya ita ce ta haifar da kuskuren da ya fi yaɗuwa, wato cewa dogon gilashi yana sirantar da wurin da ke fita tas a hoto. Gaskiyar ita ce, a irin wannan kusanci, idan girman abu a hoto ɗaya ne kuma lambar ƙofar haske ɗaya ce, kaurin wurin da ke fita tas kusan ɗaya ne ko da wane gilashi aka ɗauka. Girma ne ke cinye shi. A ma'aunin 0.3 da f/8 a kan cikakkiyar sensa, kaurin bai wuce milimita 7 ba, a ma'aunin 1 kuwa bai cika milimita ɗaya ba. Milimita 7 ba ta kai faɗin farcen ɗan yatsa ba, alhali tsawon jikin mazari ya haura santimita 4. Idan ya fuskanci kyamara, idanunsa za su fita jelarsa ta ɓace, kuma babu kuɗin da zai gyara haka. Maganin yana ga tsayuwa: a zagaya har jikin ƙwaron ko shimfiɗar fukafukansa ta yi daidai da fuskar sensa, kamar yadda ake riƙe takarda a gaban ido domin karatu, sannan a ɗora saiti a kan ido. Kuma tun da bayan hoton yana narkewa ko da an tsuke ƙofa, mai dogon gilashi yana iya sauka zuwa f/8 ko f/11 ya ƙara kaurin saiti ba tare da tarkacen baya ya dawo ba, abin da mai gajeren gilashi ba ya samu cikin sauƙi. Wuce f/16 kuwa asara ce, domin haske yana bazuwa idan ya ratsa ƙaramin rami sosai, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi.

Abin da ake biya shi ne rawar hannu. Nikon 200-500 yana da nauyin kilo 2.3, Canon 100-400 kimanin kilo ɗaya da rabi, kuma riƙe su a durƙushe ana jiran ƙwaro ya juyo yana sa dantse rawa cikin 'yan mintoci. Tsohuwar ƙa'idar da ke cewa saurin ɗauka kada ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi, wato 1/400 na daƙiƙa ga gilashin 400, an yi ta ne domin abin da ke nesa, a kusa ba ta isa. Na'urar hana girgiza da ke cikin gilashi tana taimakawa wajen karkatar hannu sama da ƙasa ko hagu da dama, amma ba ta da abin yi game da jikin mutum da ke yin gaba da baya da kowane numfashi, kuma wannan motsi ya fi milimita 7 nesa ba kusa ba. Haka kuma ba ta tsayar da iska, wadda ke kaɗa tsinken da ƙwaron ke kai. Ni dai na fi yarda da 1/1000 ko sama, in ɗaga ISO, wato ƙarfin sensa na karɓar haske, in karɓi ɗan ƙurji-ƙurji a hoto, domin ƙurji yana gyaruwa a kwamfuta amma hoton da ya girgiza ya tafi ke nan. Sandar ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya ta fi mai ƙafa uku dacewa da ƙwaron da ba ya zama, kuma ga abin da ke ƙasa, ƙaramar jaka cike da gero a ƙarƙashin gilashi ta wadatar. Fitilar kyamara ma ba ta da amfanin da take yi wa mai makro, domin hasken da ke da laushi idan an yaɗa shi a santimita 15 yakan koma tsinin haske mai kaifin inuwa daga mita biyu. Mai dogon gilashi da hasken Allah yake aiki, shi ya sa safiya ta fi, kafin iska ta tashi kuma kafin rana ta yi tsaye.

Tazarar kanta tana da nata cikas. Mita biyu tsakanin mutum da ƙwaro mita biyu ce ta ciyawa, kuma saitin kai-da-kai yana son kama tsinken da ya fi kusa ko ya zarce can baya ya yi ta kai-kawo. Ina tuna wata safiya a gefen wata fadama, hawainiya tana tafiyarta ta gaba-da-baya a kan reshen geza, idonta ɗaya a kaina ɗaya a kan wata fara, hasken kuma ya kwanta a gefenta har ana ganin ƙurajen fatarta ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta danna maɓalli gilashin ya ƙi kamawa, har ta shige cikin ganye. Sai daga baya na ga ɗan makunnin da ke gefen gilashin yana kan matsayin da na bar shi jiya ina ɗaukar tsuntsaye, matsayin da ke hana shi neman duk abin da ya fi 'yan mitoci kusa. Kusan kowane dogon gilashi yana da wannan makunni, a Nikon 200-500 yana tsayar da nema a mita 6, a Canon 100-400 a mita 3, kuma rashin wannan hoton har yau yana damuna. Tun daga ranar nake fara murza zoben saiti da hannu in kawo shi kusa da inda abin yake, sannan in bar na'ura ta ƙarasa.

Wanda girman 0.2 ko 0.3 bai ishe shi ba yana da hanyoyi uku, kuma ba daidai suke ba. Zoben tsawaitawa, wanda bututu ne kawai babu gilashi a ciki da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, yana ƙara girma gwargwadon kaurinsa a raba da tsawon gilashin. Zoben milimita 25 yana ƙara 0.5 ga gilashin 50, amma ga na 400 abin da yake ƙarawa 0.06 ne, kuma yana hana saita abin da ke nesa, ta yadda idan shaho ya gitta sai an kwance shi, kwancewar da a lokacin hunturu ke buɗe wa ƙura hanya zuwa sensa. Hanya ta biyu ita ce gilashin ƙari da ake ɗaurawa a baki, wanda aikinsa ɗaya ne da tabarau na karatu. Canon 500D mai ƙarfin +2 yana kawo saiti zuwa santimita 50 daga bakin gilashi, kuma a kan gilashin 300 yana ba da 0.6, a kan na 400 kuma 0.8. Girma ne na gaske, sai dai ya mayar da mutum cikin zagayen da ya sayi dogon gilashi domin ya kauce masa, kuma masu arahar da ke da gilashi fale ɗaya suna zana jan layi da shuɗi a gefen kowane abu, araha ba ta ado. Hanya ta uku, wadda na fi so, ita ce na'urar ninkawa da ake sawa a bayan gilashi. Mai ninka 1.4 tana mayar da 0.24 ya zama kusan 0.34 ba tare da an matsa ko taku ɗaya ba, a bakin rabin hasken da ke shiga, wato f/4 ya koma f/5.6. Mai ninka 2 tana cinye kashi uku cikin huɗu na hasken kuma tana fito da duk wani aibin gilashin, saboda haka ba na ba da shawararta sai ga gilashi mai kyau ƙwarai.

Ƙaramar sensa ma wata hanya ce, kuma a wannan aiki ƙanƙantarta alheri ce. Gilashin Olympus 300mm f/4 yana da ma'aunin 0.24 a mita 1.4, daidai da na Nikon, amma da yake sensarsa faɗin milimita 17.3 gare ta, filin da yake ɗauka santimita 7 ne maimakon 15. Ga wanda aljihunsa bai kai nan ba, tsofaffin gilasan 70-300 na Sigma da Tamron masu makunnin makro, waɗanda ake samu na hannu, suna ba da rabin girman abu a milimita 300 daga santimita 95. Ba su da na'urar hana girgiza kuma suna da laushi idan ƙofarsu na buɗe gaba ɗaya, amma a f/8 ko f/11 da safiya mai haske suna fitar da hoton malam-buɗe-littafi da ba za a ji kunyar nunawa ba.

Akwai abin da babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kawo. Idon babban mazari haɗaɗɗe ne daga dubban ƙananan idanu masu kusurwa shida, a wasu jinsunan har kusan 30,000, kuma ganin wannan saƙa a hoto sai da makro a bakin fuskarsa. Lokacin da yake yarda da haka ɗan kaɗan ne, da asuba bayan daren da aka yi sanyi, sa'ad da raɓa ta kwanta masa a fukafukai kuma jikinsa bai ɗumama ya iya tashi ba. A lokacin nakan ajiye dogon gilashin a jaka in rarrafa da gajeren, har rana ta ɗago ta taɓa tsinken da ya kwana a kai, ya fara kaɗa fukafukai yana zubar da raɓa, ni kuma in ja da baya mita biyu in sauya gilashi.